Yadda Na Kurmantar da Kawuna a Takarda

Ƙannena samari da 'yan mata, ku matso ku ji labarin wani likita da bai taɓa riƙe allura ba. Ni ne likitan. Ba zan faɗi sunana ba, don mutanen Haɗejiya sun riga sun san shi, na nesa kuwa ba abin da zai ƙara musu.

Kafin in lalace ni yaron kirki ne, kowa a unguwarmu zai shaide ni. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarami, sai yayanta, Kawu Habu, ya ɗauke ni ya haɗa da 'ya'yansa, bai taɓa nuna mini bambanci ko a bakin akushi ba. Kawu mutum ne mai fara'a, ga surutu kamar ya ari baki. In ya zauna a majalisa ba mai samun damar magana sai ya tashi alwala. Aikinsa kula da inji a wani kamfanin casar shinkafa da ke bayan gari. Shi ya sa ni a makaranta, da na gama sakandare kuma ya kama hannuna ya kai ni shagon wani mai buga takardu kusa da ƙofar asibiti, na koyi kwamfuta. Allah ya ba ni saurin hannu da kaifin ido. In na kalli takarda sau ɗaya, zan fitar maka da irinta sak. Daga baya maigidan nawa ya koma Kano, ya bar mini shagon ina juyawa.

Ɓarnar ta fara ne da abin da ko laifi ban ɗauke shi ba. Wani malamin firamare daga Kaugama ya shigo da takardar hutun rashin lafiya. Likita ya ba shi 'yan kwanaki, shi kuwa riɗinsa ya isa yanka a gona, yana son ƙari. Ya ce, "Ɗan gyara ne kawai, ƙanena. Wa za a cuta?" Na duba hagu da dama, ban ga wanda za a cuta ba. Na gyara masa, ya ba ni na tsire, na ci da yaji, na sha lemo mai sanyi.

Ashe malamin nan bakinsa ba ya riƙe magana. Kafin a ɗebe riɗi daga gona, an fara sallama a shagona ana rage murya. Da na ga abin na tafiya, sai na kwafi hatimin likitoci da sa hannunsu daga takardun da ake kawo mini hoto, na adana a kwamfuta. Ina kuma karanta rahotanninsu ina haddace manyan kalmomin nan nasu masu karya haƙori.

Daga takardar hutu na haura zuwa rahoton inshora, nan ne kasuwar take. Mutane iri biyu ke zuwa. Akwai mai neman shiga inshora, galibi don banki ya ce sai da ita zai ba shi rance, ga shi kuma da hawan jini ko ciwon suga, yana son takarda ta ce lafiyarsa garau. Akwai kuma ma'aikacin da lafiyarsa ƙalau, yana son takarda ta ce ya nakasa a bakin aiki don a biya shi diyya. Da safe in warkar da mai hawan jini, da yamma in karya ƙashin bayan ƙato. Kai, jama'a! Babu asibitin da ya kai shagona saurin aiki, ga shi ba a taɓa fita da gawa daga ciki ba. Nan da nan aka laƙaba mini Dokta. Na sayi babur sabo dal, na shiga ɗinkin shadda, in na wuce sai ƙamshin turare ya tsaya gaisawa da mutane. Kawu yana ta sa mini albarka. Shi a zatonsa maƙwabtaka da asibiti ce ta jawo mini sunan.

Ana nan sai ƙarar injin kamfani ta taɓa kunnen Kawu. Da farko mun ɗauka wasa ne, don in an kira shi ta hagu sai ya yi ta waige-waige. Da abin ya yi yawa ya je asibiti, wata likitar kunne ta auna shi. Ta ce masa na hagu ya riga ya tafi, na dama ma ya fara, amma in ya rabu da ƙarar inji yanzu, zai kai shi har ƙarshen rayuwa. Ta rubuta masa rahoto na gaskiya, ta ce ya kai wa masu inshorar kamfani, haƙƙinsa ne su biya shi diyyar kunne ɗaya.

Kawu ya dawo gida yana murna kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Ya riga ya tsara komai. Yana da 'yar fadama da ya gada ta wajen Guri, rashin injin ban-ruwa ne ya hana shi nomanta da rani. In diyya ta fito zai sayi ɗan ƙaramin inji, ya ajiye aikin kamfani, ya koma noman albasa da alkama, ya tsira da kunnensa guda. Da yake ba ya karatun boko, ni ya kawo wa takardar.

Ya ce, "Ɗan nan, ga kunnena na ba ka. Ka cike musu abin da suke so, ka miƙa."

Na karanta rahoton, na taɓe baki. Kunne ɗaya? Ai na san diyyar kunne biyu ta ninka wannan nesa ba kusa ba. Zuciyata ta ce, ga ranar da za ka rama wa Kawu alherinsa. Wata zuciyar kuma, wadda ta fi gaskiya, tana lissafin abin da zai faɗo aljihuna. Na jefa rahoton likita a kwandon shara, na zauna na tsara nawa, na kashe kunnuwan Kawu duka biyun, na buga hatimin likitar a ƙasa. Ban gaya masa komai ba.

Abin da ban sani ba shi ne, in diyya ta yi nauyi, masu inshora ba sa biya sai sun turo mutum ya ga mai ciwon da idonsa. Da saƙo ya iso cewa jami'insu na nan tafe, na ga ba sauran ɓoye-ɓoye. Na sami Kawu a zaure yana gyaran fatsa, na durƙusa ta wajen kunnensa na dama, na kwashe komai na gaya masa.

Tunda nake ban taɓa ganin Kawu ya rasa abin faɗa ba sai ran nan. Can ya ce, "Kurma ka mai da ni? Ni Habu? Duk garin nan ka rasa wanda za ka hana magana sai ni?"

Na ce, "Kawu, na ɗan lokaci ne."

Ya ce, "In kuma na je na faɗa musu gaskiya fa?"

Na ce, "Ɗaure ni za a yi."

Ya ajiye fatsar nan. Sannan ya ce, "Uwarka amana ta bar mini kai. Allah ya shirye ka. To, yaya kurame suke yi?"

Wallahi na ji kunya a lokacin, amma tsoron gidan yari ya fi kunyar ƙarfi. Washegari muka buɗe makaranta a tsakar gida. In lallaɓo ta bayansa in saki faranti, in ya zabura mu sake. In ƙwala masa kira, in ya amsa mu sake. In ce akuya ta shiga rumbu, in ya miƙe mu sake. Matarsa, Inna Dije, da farko faɗa ta yi ta yi, tana cewa ba da ita za a yi wannan rashin tsoron Allah ba. Amma da ta lura maigidan ba shi da ikon mayar da magana, sai ta ga ai garaɓasa ce ta faɗo. Ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna a gabansa, ta shiga zazzage masa duk abin da ta haɗiye tun tana amarya, har da zanen sallar da ya yi mata alkawari shekarar da aka yi babbar ambaliya. Kawu sai kumbura yake yana sacewa. In ya buɗe baki sai ta ce, "A'a, Malam, kurma ba ya ji!"

Da yake jami'in zai iya tambayar maƙwabta, dole muka baza cewa kunnen ya mutu gaba ɗaya. Nan fa 'yan dubiya suka yi ta tururuwa, wannan da kunu, wancan da man ɗigawa a kunne, kowa na yi masa ihu a fuska. Wanda ya fi ba shi wahala shi ne zaman majalisa. Abokin dararsa, Malam Garba, ya dube shi da tausayi ya ce wa sauran, "Allah sarki Habu. Amma fa tsakani da Allah kunnuwanmu sun huta. Kuma dama maguɗi yake mana a dara." Aka kwashe da dariya, Kawu ma ya taya su da murmushi irin na wanda bai san abin da ake ciki ba. Ya shigo gida gumi sharkaf, ya ce da ni, "Ɗan nan, in abin nan ya wuce, ni da Garba sai an raba mu."

Ranar da jami'in ya zo, da hantsi ne. Na zaci zan ga matashi mai ɗaurin wuya da zafin kai, sai ga dattijo mai furfura, da 'yar jakarsa da carbi, maganarsa a hankali. Aka yi masa shimfiɗa a zaure. Ya zaunar da Kawu ya ba mu baya, ya fara gwaji. Ya kira sunansa, shiru. Ya tafa hannu a bayan ƙeyarsa, shiru. Ya saki makullai a kan daɓe, Kawu ko gezau. Ya sa wayarsa ta yi ƙara. Daga ƙarshe ya rage murya ya ce, "Malam Habu, ga kunama a kafaɗarka." Na ga jijiyar wuyan Kawu ta miƙe, amma bawan Allah nan bai motsa ba. A raina na ce, shi ke nan, mun haye.

Dattijon ya rufe jakarsa, ya girgiza kai, tausayi ya kama shi. Ya juyo gare ni yana ba ni haƙuri, ya ce in riƙe kawuna da kyau, ciwo kaffara ne ga mumini. Ya ce, "Haƙuri da jarrabawa ai shi ne koyarwar Annabi Muhammadu..."

"Sallallahu alaihi wa sallam!"

Daga bakin Kawu ta fito, da ƙarfi, tas, ya ma riga ni. Yana nan zaune ya ba mu baya, idonsa a bango.

Ni na shirya wa faranti, na shirya wa irin zancen kunama, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa mutumin da tun yana goye yake jin sunan nan yana salati, ba makarantar da za ta kankare masa shi. Har gobe ban sani ba ko dattijon tarko ya ɗana, ko kuwa wa'azinsa kawai yake yi. Ya dai yi murmushi ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam Habu. Kunne ya buɗe."

Kawu ya juyo, ya dube shi, ya dube ni, sai ya fashe da dariya har da hawaye. Ya ce, "Malam, komai zan iya yi wa shiru, ban da wannan. Kai, na huta! Wallahi maganar da ke cikina ta kusa kashe ni." Ni kuwa Dokta, da na ga haka, sai na ce bari in ɗebo wa baƙo ruwa. Na bi ta bayan gida na kama katanga, shaddata ta maƙale, na rikito cikin garken awakin Inna. A nan aka tsince ni.

'Yan sanda suka kwashe kwamfutar shagon, suka tarar da hatiman likitoci reras, ga rahotannin da na buga wa mutane tun daga malamin riɗi. Mutane da yawa suka shiga uku ta dalilina. A kotu likitar kunnen ta zo da kanta, ta ce hatimin nata ne amma maganar ba tata ba ce. Ta juyo ta tambaye ni ina rahoton da ta rubuta, na ce na yar. Kallon da ta yi mini ya fi mari zafi. Kawu ya miƙe ba a ba shi izini ba, ya ce wai shi ya sa ni. A nan ne dai na yi abin kirki guda ɗaya, na ce wa alƙali ƙarya yake don ya cece ni, bai san komai ba sai da aiki ya riga ya ɓaci. Aka yi masa faɗa aka sallame shi, ni kuma aka tisa ƙeyata gidan yari.

Amma sallamar ba ta zo masa da sauƙi ba. Masu inshora suka ce tunda an shigar da takardar ƙarya da sunansa, diyyar ta faɗi gaba ɗaya, har ta kunne ɗayan da yake da haƙƙi a kai. Kamfani kuma ya sallame shi. Babu diyya, babu injin ban-ruwa, babu fadama.

Zaman gidan yari ba daɗi, kada wani ya ruɗe ku. Ga zafi, ga kuɗin cizo, ga wake da tsakuwa. Sai dai ko a can sunana ya riga ni isa. Ina shiga aka ce ga Dokta, fursunoni suka yi layi, wannan ƙaiƙayi, wancan basir. Na ce, "Jama'a, ku yi haƙuri, ni takarda kawai nake yi wa magani." Wani ɓarawon shanu daga Birniwa ya ce to in rubuta masa cewa shanun ne suka biyo shi.

Kawu bai daina zuwa duba ni ba. Yakan zo da busasshen kifi da dabino, ya cika ɗakin ziyara da labari har gandirobobi su matso suna dariya. A wata zuwa ya gaya mini ya sami aiki a wurin wani mai injin niƙa a kasuwa. Ni kuwa na san ƙarar injin niƙa ta fi ta kamfani, ga shi a ɗan ƙuntataccen ɗaki na kwano.

Na ce, "Kawu, ai likita ta hana."

Ya ce, "Ta hana, gaskiyarta. Amma inji kaɗai na iya, gida kuma sai an ɗora tukunya. Ci kifinka."

Daga nan duk zuwan da zai yi sai na ji muryarsa ta ƙara sama. Sannan na lura ya daina kallon idona in ina magana, bakina yake kallo. In na tambaye shi kunnen, sai ya kawo labarin Malam Garba. Daga baya ƙafarsa ta ɗauke, sai saƙon kifi kawai ke isowa. A nan na fara sallar da ba ta ganin ido ba, ina roƙon Allah ya bar masa ko da kaɗan ne.

Ranar da aka sake ni ban tsaya ko'ina ba sai gida. Na daɗe ina tsara kalmomin neman gafara, na haddace su tsaf. Na same shi a tsakar gida bisa tabarma, na zube a gabansa ta wajen dama, na fara. Na yi magana mai tsawo, ina yi ina kuka, shi kuwa yana ta kallona da murmushi. Sai Inna Dije ta dafa kafaɗata ta ce, "Kada ka wahalar da bakinka, ɗan nan. Na daman ma ya tafi tun bara."

Kawu ya kama hannuna ya ɗaga ni. Da muryar nan tasa da ake ji har bakin titi ya ce, "Ban ji ko ɗaya ba, amma na ga idonka. Na yafe tun tuni! Kai, ashe kai babban likita ne. Takardarka gaskiya ta faɗa, sauri kawai ta yi!" Ya yi ta dariya, Inna na tayawa tana share ido da bakin zane. Ni dai na kasa.

Yanzu na bar kwamfuta. Na fitar da Kawu daga ɗakin niƙa, muna noma fadamar nan tare da injin haya, albasa tana yi, alhamdu lillahi. Surutunsa na nan, ya ma ƙaru, tunda yanzu ba mai iya katse shi. A dara kuwa ya addabi Malam Garba, in an ce ya yi maguɗi sai ya nuna kunne.

To ƙannena, ga abin da nake so ku riƙe. Duk wanda ya zo muku da "ɗan gyara ne kawai", ku ce masa ya gyara gaba. Takardar likita ba ado ba ce, jikin mutum ne da haƙƙinsa a ciki, in ka taɓa ta wani ka taɓa, ko da ba ka ga fuskarsa ba. In likita ya rubuta kaɗan, ku karɓi kaɗan ɗin ku gode. Kuma kada ku yaudari kanku da cewa don taimakon na gida kuke yi, ni ma haka na ce.

Ina tsare aka haifa wa Kawu jika mace, yanzu ta fara magana, bakinta ba ya hutawa, kowa na cewa gadon kakanta ta yi. Kwanan baya muna zaune a zaure ta hau cinyarsa, ta kama gemunsa tana ta zuba masa zance. Ya daɗe yana kallon ɗan bakin nan nata yana motsi. Sai ya juyo gare ni, a karon farko da ƙaramar murya, ya ce, "Ɗan nan, yaya muryarta take? Siririya ce, ko irin tawa?"

Na ɗaga hannu zan kwatanta, na rasa yadda ake nuna murya da hannu. Ya jira, ya jira, sannan ya shafa kanta ya ce ba komai.

Ni da na iya rubuta kowace irin takarda, wannan amsar ta gagare ni har yau. Ku ji tsoron Allah, ƙannena, kada ku bi hanyar da na bi.